Malafar Magajin Gari Stroud

Kwanana tara da kama aikin lauyar majalisar garin Tallow Creek, Magajin Gari Virgil Stroud ya kira ni ofis ya rufe ƙofa.

"Noreen, 'yata, doka ta hana mutum ya rubuta wa kansa wasiƙa?"

Na ce ban taɓa karanta hakan a jami'a ba. Ya ce in rubuta masa, in sa hannu. Na rubuta, na sa hannu.

Kada a yi mini mummunar fahimta, babu kamar Stroud a duk jihar Oklahoma. Mutum ne da ya ɗauki Ubangiji abokin aiki, kuma yakan yaba masa in ya yi ƙoƙari. Shi ya buɗe sabon famfon makabarta da jawabin awa guda. Mutanen gari suna kiransa Bishop Mai Hatimi, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

Bana fari ya matsa, shanu suka rame, alkama ta ƙone a tsaye. Stroud ya yanke cewa abin da ya hana ruwa sauka shi ne ba a roƙa daga bakin da ya dace ba. Ya sa ranar addu'ar gari a matakalar majalisa, limami kuma shi da kansa. Na tuna masa cewa tsarin mulki ya raba hukuma da coci, magajin gari ba zai tara jama'a da sunan hukuma ya ja su addu'ar ɗarikarsa ba. Shi Virgil ɗan ƙasa kuwa yana iya addu'a duk inda ya ga dama.

"To ai mu biyu ne!" in ji shi. "Wannan yarinya akwai kai."

Ga yadda ya raba kansa. In farar malafarsa tana kai, shi ne hukuma. In ya cire, shi ne Virgil bawan Allah, tunda dama ba a addu'a da malafa. A gabana ya cire ta, ya zauna a kujerar baƙi, ya rubuta wa magajin gari takardar neman aron matakala. Ya zagaya tebur, ya ɗora malafa, ya karanta yana yamutsa fuska, ya ƙi amincewa.

"Don kada a ce na yi son kai," ya ce.

Virgil ya ɗaukaka ƙara. Sai a zama na uku hukuma ta tausaya masa ta buga hatimi, bisa sharaɗin ya kwashe kujeru bayan taro. Duk takardun nan ni aka sa na shaida. An ce in kiɗa ya sauya rawa ma ta sauya, amma ban taɓa ganin makaɗi da ɗan rawa a cikin wando ɗaya ba sai ranar.

Ranar Alhamis mutane kusan ɗari uku suka taru, yawancinsu saboda soyayyen kazar da matan coci suka kawo. A layin gaba Malama Eudora Kemp ce zaune, tsohuwar da ta koyar da Stroud a firamare. Shekara sittin ba ta fashin coci, kuma a ganinta hukumar da ba ta iya cike ramin titi ba ba ta da hurumin shiga tsakaninta da Mahaliccinta.

Stroud ya hau da malafa ya gabatar da babban baƙo. "Mutum ne mai tawali'u, wanda na sani tun yana jariri." Ya cire malafa ya gode wa magajin gari bisa wannan yabo da bai cancanta ba. Ya mayar ya ce ya cancanta.

"Virgil, ka zaɓi ɗaya mana," in ji Malama Kemp. "Ko a aji ba ka iya lissafin biyu ba."

Sannan ya rufe ido ya fara addu'a, malafa a ƙirji. Ya karanta wa Ubangiji tarihin garin, da yawan shanun da suka mutu, da ayyukan da aka yi a zangon mulkinsa na farko, ko da labari bai kai sama ba. Ina gefe ina kallon malafar nan kamar mai gadin kura.

A minti na arba'in aka fara yayyafi. Ba wani ruwan kirki ba ne, ko ƙura bai kwantar ba. Amma ɗigo uku sun sauka a sanƙon Stroud, kuma nasara irin wannan ba a bar wa ɗan ƙasa. Ya kifa malafa a ka, ya rungumi lasifika.

"Ofishina ya kawo muku ruwa! Da sunan majalisar Tallow Creek, cikin sunan Yesu, kowa ya ce amin!"

Na daka tsalle ina ihu, "Yallaɓai, malafa! Malafa!" Kafin in kai gare shi yayyafi ya ɗauke. Malama Kemp ta sauke wayarta a hankali, ta sa a jaka.

"'Yar nan, zauna ki huta," ta ce mini. "Na ɗauki bidiyon komai tun daga farko."

Ranar Litinin ta shigar da ƙara a kotun tarayya, ita da wani makanike da bai yarda da kowane addini ba, wanda shekara ashirin ba sa ga maciji da juna. Stroud ya ce wannan ma haɗin kan al'umma ne, a rubuta cikin ayyukansa.

Jiya ya kafa kwamitin bincike na mutum biyu, magajin gari da Virgil, suka zauna awa biyu a ofis da ƙofa a rufe. Ina jiyo kujera tana motsi. Rahoton ya ce magajin gari ba shi da laifi, domin ba shi ya fara addu'ar ba. Virgil ma ba shi da laifi, domin ba shi ya ƙarasa ta ba. Dukansu biyu sun bi shawarar lauya ne, ga sa hannunta a kowace takarda.

Majalisa za ta zauna ranar Talata kan ko za a kore ni, ta kuma aika sunana ga hukumar da ke ba lauyoyi lasisi. Kansiloli shida sun rabu uku da uku. Ƙuri'ar raba gardama ta magajin gari ce, kuma ya ce a ba shi lokaci, sai ya yi addu'a a kai tukuna.