Ranar da Na Saka Takunkumin Shanu

Ko zan manta komai, ba zan manta safiyar da na so mayar da Birnin Kudu Jos ba.

Lokacin ina koyarwa a Birnin Kudu, an zaɓe mu mu je Jos buga ƙwallo. Wani abokin aikina ya ce garin a kan tudu yake, iskar can ba ta ƙosar da huhu, shi ya sa 'yan wasan Turai ke toshe hanci su yi gudu don su saba. Ni da ba na jin abu in bar shi, na ari takunkumin da maƙwabcina ke sa wa bijiminsa lokacin huɗa, na cusa auduga a ciki, na ɗaure a fuska. (Warinsa kaɗai ya isa ya yi mini nasiha, amma ina.)

A makon nan kuwa iyayen Hadiza, wadda nake nema a Gwaram, suka ce za su turo a binciki halina. Auren nan shi ne a gabana, ko bashin gaisuwa ba na bari a bi ni.

Na kama gudu ta bakin tasha. Tun ina ganin mutane har suka koma mini kamar inuwa, ƙafafuna suka ce sun gama. Na zube a gaban wani dattijo da ya sauko daga motar Gwaram.

Shi ya kwance igiyar, ya yayyafa mini ruwa.

"Bawan Allah, wa ya yi maka wannan?"

"Ni ne, Baba. Iskar Jos nake koyo."

Ya juya wajen mai shayi. "Ya daɗe a haka?"

"Lafiyarsa ƙalau, Alhaji. Malamin makaranta ne, shi ke neman aure a garinku."

Dattijon ya dubi takunkumin, ya dube ni. "To, ni ne baffan Hadiza. Ka hutar da ni yawon tambaya."

Wallahi na so in sake suma, suman ya ƙi zuwa.

Daga baya Hadiza ta faɗa mini abin da baffan ya kai gida: "Yaron ba ya ƙarya, don mai ƙarya ba zai amsa wannan ba. A ba shi, amma a ɓoye kayan shanu."

Tun daga ranar, iskar da Allah ya ba ni kyauta, duka nake shaƙa.