Ranar da Zumunta Ta Je Gidan Madam Darakta

Duk faɗin Barnawa babu mace kamar Madam Vicky, wanda ke shakka kuma ya je ya tambaye ta. Ta daɗe tana darakta a wani kamfanin inshora, da direbanta, da sakatariyar da ko ƙuda ba ta bari ya shiga ofis sai da izini. Mijinta Albert, malamin lissafi mai ritaya, in ya kira ta da rana sai a ce ya ɗan dakata, Madam tana mitin. A unguwa Madam Darakta ake ce mata. Masu Keke kuwa, da yake ba su da ta ido, Sa-Hannu suke kiranta, don ko gaisuwa za ta amsa sai ka ɗauka takarda take amincewa da ita.

Ana haka kamfanin ya haɗe da wani, sababbin masu shi suka ga daraktoci sun yi yawa. Aka yi wa Madam godiya, aka karɓi makullin motar ofis, aka ba ta agogon bango. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don gaskiya mace ce da ta san aikinta. Ta shiga banɗaki ta sha kukanta. Da ta fito sai ta ƙudurta abu ɗaya: ko sama da ƙasa za su haɗe, babu mahalukin da zai ji cewa sallamar ta aka yi.

"Ni da kaina na bar aiki," haka take gaya wa wanda ya tambaya da wanda bai tambaya ba. "Aikin ne ya yi mini kaɗan. Akwai matakin da mace za ta kai, dole ta sake gina kanta."

Aka kama gini. Ta fara da kiwon kaji a bayan gida, ta raba su sashe-sashe, ta yanka wa kowane keji adadin ƙwan da zai kawo a wata. Kajin ba su fahimci tsarin ba, suka mutu. Daga nan ta kafa rumfa a ƙofar gida, ta kira taro mai suna Mace Tashi Ki Haskaka, mata suka zo har daga Mahuta da Kakuri, ta koya musu yadda ake miƙewa bayan an faɗi.

"Ni dai Ubangiji bai taɓa bari na faɗi ba," in ji ta, "amma na yi karatu mai zurfi a kan abin."

Aka tafa mata, aka cinye cincin, aka watse.

Sai idonta ya faɗa kan Zumuntar Mata ta cocinsu. Duk shekarun daraktanci zumunta ba ta ganinta, sai dai saƙon gaisuwa ta bakin direba. Yanzu kuwa ta sayi zanen zumunta, tana riga kowa zama a benci na gaba. Ta kuma ji ƙishin-ƙishin cewa Uwar Zumunta, Mama Christy, ta tsufa tana son sauka. To, wa ya fi cancanta? Madam ta duba hagu ta duba dama, ba ta ga kowa ba sai kanta.

Wata Asabar da yamma sai ga waƙa tana tahowa daga bakin layi. Madam ta leƙa ta taga: matan zumunta ne a jere, zane iri ɗaya, ana kaɗa tulu da caki, wasu da kaya a ka. Kowa a unguwar ya san abin da ke kawo zumunta gida a jere haka, in ba haihuwa ba to ciwo, in ba ciwo ba to rashi. Amma Madam ba ta taɓa bin ziyara ba, tana mitin. Ita a saninta, idan mutane suka zo wurinka a jere, tawaga ce.

"Vicky, ina ga fa…" in ji Albert.

"Ba yanzu ba, Albert."

Ta zuba leshi, ta kafa ɗauri mai hawa uku, ta bar su suka ɗan jira a falo yadda ya dace da babba. Da ta fito ba ta bari kowa ya buɗe baki ba.

"'Yan'uwa, na san abin da ya kawo ku. Ban nema ba, amma ba zan ƙi kira ba. Zumuntarmu tana da zuciya, tsari ne babu. Zan kafa kwamitoci. Waƙa ma sai mun duba ta, tana tsayi da yawa."

Tana cikin jawabi mata suna sauke kaya a gabanta: kwanon shinkafa, doya, manja, sabulu, har da ƙullin gawayi. Mama Christy ta jira ta kai aya, sannan ta kama hannunta.

"Vicky, sannu da haƙuri. Jaje muka zo miki na aikin nan."



"Mama, ni fa da kaina na ajiye."

"Haka ne, 'yata. Mijina ma da masaƙa ta rufe a Kakuri haka ya ce."

Madam ta nemi kujera ta zauna. Ta jira a yi dariya, ba wadda ta yi. Wata ta ce ita ma an taɓa sallamar ta daga asibiti, wata ta ce shagonta ya ƙone ƙurmus, ga ta nan ba ta mutu ba. Aka ɗora mata hannu aka yi addu'a. Hawaye suka zo, ta bar su suka zuba a gaban mutane, ta kuma ji ƙirjinta ya yi sakayau, abin da rabonta da shi tun ranar da abin ya faru.

Da ta share ido ta gyara murya, ta ɗan dawo darakta.

"Amma Mama, yaushe kuka ji?"

"Tun makon da aka yi abin. Ai duk Alhamis muna addu'a domin wata 'yar'uwa da ta rasa aiki tana ɓoyewa. Ke ce ma kika miƙe kwanaki kika ce a turo miki ita ki ba ta shawara."