Manajan da Ya Ciyar da Ganye Koren Haske

A duk otal ɗin babu mai ilimin Manaja, kuma wannan ba ji-ta-ji-ta ba ce, daga bakinsa aka ji. Mutum ne da ko gaisuwa ka yi masa sai ya gyara maka ita. Tabaraunsa kullum a kan karan hanci yake, ba don ya gani da kyau ba, sai don a gan shi da kyau.

Da mai otal ɗin, wata dattijuwa mai son tsirrai, za ta yi doguwar tafiya, sai ta sa aka jera tukwanen shuke-shuke a zauren baƙi, ganye shar, gwanin sha'awa. Ta ce da Manaja ya kula da su, in ta dawo za ta zaɓi wanda zai shugabanci sabon reshen otal ɗin. Tun daga ranar Manaja ya fara tafiya irin ta shugaban reshe.

A wayarsa ya tsinci wata kalma, kulorofil. Bai karanta bayanin har ƙarshe ba, don manya ba sa kai wa ƙarshen rubutu. Washegari ya tara ma'aikata, daga mai karɓar baƙi har masu girki, ya tsaya gaban tukwanen ya goya hannu a baya.

"Ku da kuke ganin ganye kore, kun taɓa tambayar dalili? Ba ku taɓa ba. To, akwai wani sinadari a cikinsa, sunansa kulorofil. Ku maimaita."

Suka maimaita. Kafin azahar an raɗa masa suna Farfesa Kulorofil, da ya ji kuwa har cikin ransa ya ji daɗi.

"Shi wannan sinadari haske yake ci," in ji shi. "Tunda kuwa kore ne, ko jariri ya san koren haske yake so. Hasken rana tarkace ne, kowane launi a cakuɗe. Shukokina ba za su ci abincin gama-gari ba."

Nan take ya sa aka saki labulaye masu kauri, aka cire fararen ƙwayayen lantarki, aka ɗaura koraye. Zauren baƙi ya koma kamar ƙarƙashin kududdufi. Baƙo in ya shigo sai ya dubi hannunsa ya tambaya ko akwai asibiti kusa.

Matarsa malamar kimiyya ce a makarantar sakandare. Da ya ba ta labari yana jiran yabo, sai ta ajiye littattafan da take dubawa.

"Maigida, ai ka juya abin. Kulorofil jan haske da shuɗi yake sha, da su yake haɗa ruwa da iska ya yi wa shuka abinci. Koren kaɗan yake taɓawa, sauran ya maido mana, shi ya sa muke ganin ganye kore. Abin da shukokin suka ture gefe shi ka cika musu kwano da shi."

Manaja ya yi murmushin tausayi. "Malama, wannan na 'yan aji ne. Ni a aikace nake."

Kuma a aikace komai ya tafi daidai, a idonsa. Ƙarƙashin koren ƙwai ganye kore ne, bango kore, har haƙoran mai karɓar baƙi kore. Da shukokin suka riƙa zuƙewa suna miƙa wuya wajen 'yar kafar labule, sai ya ce tsayi suke yi saboda ƙoshi. Da ganye ya fara zuba, ya ce tsofaffi ne ke ba sababbi wuri.

Ranar da mai otal ta dawo, Manaja ya sha kwat, ya tare ta tun daga bakin ƙofa da jawabi.

"Ranki ya daɗe, abin da za ki gani yau ba a taɓa yin sa a wani otal ba."

"Na yarda," ta ce, tana laluben hanya. "Ɗana, a buɗe labulen nan, ba na ganin gabana."

Aka ja labule. Rana ta shigo, ta kwashe koren nan kaf. Sai ga shukoki sun yi fari fat, wasu ruwan ɗorawa, sirara, sun langaɓe kamar waɗanda suka tashi daga jinya. Wani ganye ya saki reshe, ya sauko a hankali ya kwanta kan takalmin Manaja.

Ya gyara tabarau. "Wannan matakin farko ne, ranki ya daɗe. A kimiyyance..."

"A fitar da su rana," ta ce da ma'aikata. Har suna rige-rigen ɗauka, kowa na cije leɓe don danne dariya.

Shukokin sun farfaɗo a bakin taga, sabon reshe kuma aka ba wani. Amma dattijuwar ba ta da riƙo. Ta aiko wa Manaja da kyautar tukunyar fure ta musamman, furen na roba, aka ajiye masa a ofis.

Kullum da safe yana zuba mata ruwa da hannunsa. Duk wanda ya shigo sai ya nuna masa, ya ce tunda ta zo hannunsa ko ganye ɗaya bai faɗi ba.