Ƙaiƙayin da Na Ɗora wa Kunne

Ta yaya Malam ya gane? Shekaru sun shuɗe, shi ma ya riga mu gidan gaskiya, amma har yau ban san amsa ba. Ban gaya masa ba, ban gaya wa kowa ba. Abin da dai ba zai fita raina ba shi ne ranar da mijin nawa ya tona mini asiri a gidan likitan garinmu, kusa da Badagishiri.

Lokacin na riga na aurar da 'ya'ya. Sai ƙaiƙayi ya kama ni a gaba, da wani farin abu mai kauri kamar kindirmon da ya tsinke, in na yi fitsari kuma raɗaɗi. Na shiga ruwan zafi da bagaruwa, na wanke ciki da sabulu, abu sai ƙaruwa yake. Tsorona ɗaya: kada a ce ciwon banza ne, Malam ya zarge ni ko a zarge shi, bayan tsufa ya fara zo mana.

Da na gaza, na tafi gidan likita don in ga ungozoma. Aka ce tana karɓar haihuwa, aka tura ni wajen majo, babban ma'aikacin wurin. Majon nan kuwa mijin 'yata ta fari ne! (Mutumin da ko sunansa ba na faɗa, in na hango shi sai in sake hanya.) Ya durƙusa ya gaishe ni, kansa a ƙasa, nawa a ƙasa.

"Inna, mi ke damun ki?"

Na ce, "Kunne."

Bawan Allah ya haska lafiyayyen kunnena, ya ba ni maganin ɗigawa. Na kai gida na riƙa ɗigawa kuwa, don kada a yi asara.

Wata safiya Malam ya ta da babur, ya kira ni da sunan da ya saba kirana, ya ce, "Ke 'yar Konni, hau." Shi kuwa injin niƙa ya yi shekaru yana tayarwa a kasuwa, har ya cinye masa ji. In ya ce zai yi raɗa, maƙwabta ma sun ji. Muka isa gidan likita, muka tarar da benci cike da mata, masu awo da masu goyo. Ya sunkuya wajen kunnen ungozoma, a ganinsa sirri yake yi:

"Ɗiyata, ba kunne ba ne! Ƙasa ne take sosawa, ba ta barci!"

Wata tsohuwa ta ce, "To, Malam, mun ji, Allah shi ba da lahiya." Na waiga don in gudu, sai ga surukina a bakin ƙofa. Ya juya ya kama duba bango kamar yau aka gina shi.

Ungozoma ta ja ni ciki ta duba. Ta ce, "Inna, wanga ba ciwon banza ba ne, ba wanda ya kawo miki. Wata ƙwaya ce da ke jikin mata dama, in ta samu dama sai ta yi yawa. Sabulun da kike sawa ciki shi ke ƙara mata ƙarfi." Ta ba ni maganin cusawa da na shafawa, ta ce in wanke waje kawai da ruwa, in sa kamfai na auduga busasshe. Ta kuma auna jinina saboda shekaruna, ashe ciwon suga ne ke ciyar da abin ban sani ba. Ƙaiƙayi ya tafi cikin kwanaki. Ni kuma na yi wata ban yi wa Malam magana ba sai da hannu (bai ma lura ba).

Yanzu na san wadda ta ɓoye wa likita wurin ciwo, a gaban jama'a za a faɗa mata shi. Wallahi da zai dawo, da na bar shi ya yi shela har a kasuwa. Gidan ya yi shiru da yawa.

Ranar da zai cika, muryar nan ta ƙanƙance har sai da na kai kunnena bakinsa. Ya riƙe hannuna ya ce, "'Yar Konni, ki riƙa shan maganinki. In wani wuri ya yi ciwo, ki faɗa da bakinki, ba ki da mai yi miki ihu kuma."