Almakashi a Aljihun Tela

"Lafiya lau na kwana, ganinka ne dai ya ɓata min rana," in ji Kaka, tana jan kujera a shagon ɗinkin jikanta.

Tela ya yi dariyar yaƙe. Tun safe ransa a jagule yake, don Dogo, babban ma'aikacinsa, ya ce ƙarshen wata zai bar shagon. Shekara da shekaru yana taka keke, amma Tela bai taɓa barinsa ya yanka yadi ba. Shi Tela ko banɗaki zai shiga, almakashi na aljihunsa.

"Amarya, wa ya sako ki? Na ce a riƙa kulle ki."

"Na zo ganin mijina da ya rame kamar zare. Ka tara mutane suna kallonka kana aiki. Ni ma ɗauke ni, na iya kallo."

"Ke da ko kafar allura ba kya gani?"

"Ina dai ganin ramin wuyanka."

Ta kwance ƙullin da ta zo da shi. Nan take Tela ya gane shuɗin yadin. Shi ne na ƙarshe da marigayi kakansa ya saya mata, ta ɓoye a ƙasan akwati. Hannunsa ya zarce aljihu.

"Cire hannunka. Dogo na kawo wa."

"Haba Kaka, in wannan ya lalace babu irinsa a kasuwa."

"Au, yanzu kuma na zama Kaka? Amarcin ya ƙare?"

"To bari in zana masa da alli."

"Shi ba shi da yatsu?"

"In tsaya a bayansa kawai."

"Kana hura masa numfashi a ƙeya? Ni na raini ubanka da baffanka. Ubanka sai an tsaya a kansa, in ba haka ba a tsaye zai yi barci. Baffanka kuwa kana tsaya masa zai fasa kwano. Yarinyar can da ta fara maka aiki kwanan nan, ita ke son ka zauna kusa da ita. Wannan mai furfura a gemu, ba shi wuri."

Tela ya rage murya. "Wallahi tsoro nake ji. Sunana ne a ƙofar nan."

"Ni ma yadina ne a kan tebur," in ji ta, wannan karon ba wasa a muryarta. "Ran da zazzaɓi ya kwantar da kai, sunan ne zai tashi ya yi yanka?"

Ya dubi Dogo, wanda ya sunkuyar da kai kamar ba da shi ake ba, sai kunya ta kama shi. Ya zaro almakashin ya miƙa masa. Dogo ya goge tafinsa a riga, ya karɓa hannu biyu.

Kaka ta damƙi hannun jikanta. "Taho ka raka matarka sayen maɓalli."

Suna bakin ƙofa ya ji almakashi ya kama yadi, ƙaras, ƙaras. Wuyansa ya fara juyawa.

"Ka waiwaya, aure ya mutu."

Bai waiwaya ba. Daga ciki Dogo ya ɗaga murya: "Maigida, a sayo sabon almakashi. Wannan ba zai kai mu watan gobe ba."

Watan gobe. Ashe Dogo ya fasa tafiya. Tela ya fashe da dariya har da 'yar ƙwalla.

"Kin ci, tsohuwa. Na yafe miki ladan ɗinki."

"Wa ya tambaye ka? Da Dogo zan yi ciniki."