Yadda Jatau Ya Nemo Makwancin Gwanki

A garinmu Kwarin Gawo, can gindin duwatsun yamma, an yi wani mutum ana ce masa Jatau. Su uku ne a gida: shi, da tsohuwarsa Iya Delu, da matarsa Lantana wadda cikinta ya tsufa. Jatau ba rago ba ne. Matsalarsa ɗaya ce: yadda magana ta fito daga bakinka, haka zai ɗauke ta, ba ƙari ba ragi. Ubansa maharbi ne na gaske, ya rasu ya bar baka da kwari rataye a ɗaki.

Mu kuwa mutanen Kwarin Gawo, in ka ji muna kirari a dandali sai ka rantse zaki ma tsoronmu yake ji. Alhali shekara uku ba mu kashe abin da ya fi zomo ba. Shi ya sa da aka gama girbi, Sarkin Baka Gagare ya tara mutane ya ce duk gidan da ke da baka ya fitar da mutum ɗaya, ya hau duwatsu ya nemo inda gwanki yake kafin ranar farauta. Wanda bai nemo ba, a karɓi bakansa a ba mai amfani da shi. Iya Delu da ta ji haka ta ture kwanon tuwo. Bakan nan shi kaɗai ya rage mata na mijinta.

"Iya, ci tuwonki," in ji Jatau. "Wayo dai ba ni da shi, kowa ya sani. Amma ina da ƙafa."

Wata rana Jatau ya je ya durƙusa gaban Sarkin Baka ya ce, "Ranka ya daɗe, ta ina ake farawa?" Sarki ya ce, "Da ruwa. Ka sami inda ake shan ruwa ka laɓe. Duk mai ƙishi shi zai kawo kansa." Tun da sassafe Jatau ya ɗauki baka ya laɓe bayan wata bishiya kusa da rijiyar gari, ya ɗana kibiya. Mata suka zo ɗiban ruwa, suka ga tsinin kibiya na leƙo su, suka watsar da tuluna suka zuba a guje. Tulu huɗu ya fashe. Da aka kai shi gaban Sarki sai Jatau ya ce, "Wallahi maganarka gaskiya ce. Masu ƙishi sun zo da yawa. Gwanki ne dai bai ji ƙishi ba yau."

Wata rana kuma Sarki ya ce masa, "Kai, ruwan daji nake nufi, can kan dutse. Kuma maharbi ba ya shiga wuri sai ya yi shawara da iska, don kada ta kai wa nama warinsa." Jatau ya hau tsauni na farko, ya tsaya kan wani falalen dutse, ya buɗe murya: "Iska! Salamu alaikum! In shiga ko kada in shiga?" Duwatsu suka maido masa, "Shiga! Shiga!" Ya ji daɗi, ya ci gaba da tambayarta har azahar, ko tsuntsu bai rage a tsaunin ba. Masu itace suka ji, suka sheƙo gari suka ce iskoki sun buge Jatau. Aka kamo shi aka zaunar, aka turara masa barkono har yana hawaye. Cikin tari ya ce wa Lantana, "Ita iskar ma ta fi mutanen garin nan sauƙin kai."

Wata rana Lantana ta dube shi ta ce, "Maigida, wai ka taɓa ganin gwankin nan ma?" Ya ce a'a. Iya Delu ta ce, "Babba ne, jikinsa toka-toka, kunnuwansa dogaye kamar na jaki." Ya fita. Kafin la'asar sai ga shi a guje, yana haki, ya ce ya sami garke guda a bayan tsauni. Sarki da maharba goma suka bar abin da suke yi suka bi shi, har da masu kirari a hanya. Jatau yana gaba yana raɗa, "Ku bi a hankali. Sun ma saba da mutane, ɗaya har da mangala a bayansa." Nan jikin Sarki ya yi sanyi. Suka leƙa, sai ga jakunan masu ɗiban yashi suna kiwo. Abin da ba ma son a tuna shi ne, biyu daga cikinmu sun riga sun ja baka kafin wani jaki ya yi kuka.

Wata rana Sarki, don ya huta da shi, ya ce, "Gwanki ba ya zama sai inda babu sawun mutum. Je ka nemo." Jatau ya hau. Duk inda ya kai ya ga wurin ya yi masa, sai ya waiwaya ya ga sawun mutum ya biyo shi har inda yake tsaye. Ya ƙara gaba, sawun ya ƙara. Ya dawo da yamma ƙafa duk ƙaya, ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai wani mai naci a duwatsun nan. Duk inda na sa ƙafa ya sa. Har tsagar diddigenmu iri ɗaya."

Ranar farauta ta zo. Kowane maharbi ya ce Kwazazzabon Tsamiya za a je, wai can ya ga alama. Gaskiyar magana, can ne ya fi kusa da gari, kuma akwai inuwa. Jatau ya matso da bakansa, Iya Delu na kallo daga bakin zaure. Ya ce, "Ni ina zan tsaya?" Sarki ya duba nesa, ya hango wata 'yar matsattsiyar hanya tsakanin duwatsu biyu, ƙeƙasasshiya, ko ciyawa babu. Ya ce, "Je ka can ka zauna. Ka zama dutse. Kada ka motsa sai na kira ka."

Muka shiga kwazazzabo da karnuka da ganga da ƙaho. Muka yi ihu, muka yi kirari, har la'asar. Abin da muka samu bushiya ɗaya, ita ma kare ne ya tono ta. Muna hanyar gida Sarki ya tsaya cak ya ce, "Subhanallahi, Jatau!"

Muka tarar da shi zaune inda aka ce, baka a kan cinya, ƙadangare na shan rana a gwiwarsa. Ƙasar da ke kewaye da shi kuwa duk sawun kofato ne.

"Jatau!" in ji Sarki.

"Alhamdu lillahi, an kira ni. Ƙafata ta mutu tun azahar."

"Sawun mene ne wannan?"

"Masu kunnen jaki ne, amma waɗannan da ƙaho. Goma sha ɗaya. Kuna fara kiɗa suka biyo ta nan. Babbansu har ya shinshina hulata."

"Ba ka harba ba?"

"Ranka ya daɗe, dutse yana harbi?"

Samari suka yo kansa da sanduna. Sarki ya daka musu tsawa, ya sunkuya ya bi sawun shi kaɗai. Can ya dawo yana tafiya da sanɗa. Ya ce bayan matsatsin akwai wani kwari da ba wanda ya san da shi, da idon ruwa da ɗanyar ciyawa, ga garken can kwance hankali kwance. Ya ce in da Jatau ya saki kibiya, da kuskure zai yi, su kuma da sun tsallake duwatsun gaba ɗaya, ba mai sake ganinsu bana.

Washegari muka koma, ba ganga ba kirari, abin da ya fi yi mana wuya ke nan. Aka samu manyan maza biyu. Sarki da kansa ya kai cinya guda gidan Iya Delu, ya ce bakan mijinta ya zauna inda yake. Cikin makon Lantana ta sauka, ta sha farfesun gwanki har ta ƙoshi.

Ranar suna maharba suka kewaye Jatau suna tambayarsa sirrin zaɓen wuri. Ya sosa ƙeya ya ce, "Ni ma ban gane ba. Sau huɗu ina ƙoƙari ana yi mini dariya. Ranar da ban yi komai ba aka ba ni cinya."