Yadda Ake Zuwa Neman Aure a Nimalo da Takardar Yawon Buɗe Ido

Kana son hawa Nimalo, ƙauyen nan na kan dutse da akuya ke tsalle ɗaya ta faɗa wata ƙasa? Bi matakan nan, tabbas za ka isa. Maƙwabcina Qu Dehai ya bi su bara, bayan budurwarsa Yina ta ce in bai je ya gaida babanta kafin ƙanƙara ta rufe hanya ba, ya goge lambarta. Har yau bai kawo ƙara ba.

1. Tafi ba takarda

Kwana biyu a mota, sai shingen farko. A nan za a sanar da kai cewa izinin shiga yankin iyaka a garinku ake bayarwa, gida uku daga naka. Koma. Ilimin da aka sha jijjiga kafin a samu ya fi zama a kai.

2. Kai hoto

Kunnuwa biyu a waje. Ban da murmushi, ba a saurin sallamar mai farin ciki.

3. Cike gurbin dalilin tafiya

Zaɓi biyu ne: ziyarar dangi ko yawon buɗe ido. Dehai ya rubuta dangi. Matar da ke riƙe da jan hatimi ta leƙo shi ta saman tabarau.

"Wane dangi?"

"Surukina, Yaya."

"Ina takardar aure?"

"Ai auren zan je nema."

"To auro ta, ka dawo in ba ka izinin zuwa nemanta."

Kada ka yi gardama. Goge, rubuta yawon buɗe ido. Kwana uku za a ba ka.

4. Raina tsohon shingen ƙarshe

A bakin ƙauye akwai gora a gicciye, da wani tsoho mai jan ƙyalle a damtse yana gasa masara. Nuna masa kai ɗan birni ne.

"Tsoho, yi sauri, manya ke jirana," in ji Dehai.

Tsohon ya karanta takardar a hankali, har da bin layi da yatsa. "Yawon buɗe ido. Ikon Allah. Ni kuwa 'yata Yina ta ce min mai neman aure ne zai zo."

"Baba, ai a ofis ne suka..."

"A'a, yaro, jan hatimi ba ya ƙarya. Shigo ka buɗe idon."

5. Buɗe idon

Kwana uku tsohon yana zagaya da Dehai. Ya ga rumbun masara, ya ga amya goma sha ɗaya, ya ga dutsen iyaka ta gaba da ta baya. Yina kuwa sai dariyarta yake jiyowa ta bayan katanga. Duk lokacin da ya gyara murya zai ɗauko zancen, sai tsohon ya ce, "Wannan ba ya cikin takardarka."

6. Bari izinin ya ƙare a hannunka

Da safiyar komawa ƙanƙara ta sauko, hanya ta rufe, sai bayan wata biyar. Tsohon ya fito da gatari, don a Nimalo faskaren itace aikin suruki ne.

"Ɗan yawo ba ya wuce kwana uku a nan. Wanda ya wuce, ko mai laifi ne ko suruki. Wanne zan rubuta?"

Dehai ya karɓi gatarin ya tambayi inda itacen yake.

Gargaɗi: duk abin da ya same ka, daga kumburin ƙafa har zuwa aure, babu hannuna a ciki. Mai ƙorafi ya samu Dehai a Nimalo, don bai sauko ba tukuna. Sai dai ya nemi takarda, kuma ƙorafi ba ya cikin zaɓi biyun nan.